Katin Gwamnati, Katin Kamfani Ko Asusun Ƙungiya: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Kuɗin Lafiyarka?

Tun watan Mayun 2022, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta soke tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta kafa hukumar NHIA a gurbinta, inshorar lafiya ta zama tilas a kan duk mazaunin Najeriya. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya da danginsa suke fitowa, kuma sai ranar da ciwo ya kayar da mutum ake fara nemansu: a sayar da tunkiya, a jinginar da gona, a bi 'yan'uwa da waya. Ma'aikacin gwamnati ba shi da ta cewa, an riga an sa shi a tsari, a jihohi da dama ma daga albashinsa ake yanka tun kafin ya shigo hannunsa. Amma tela, da mai Adaidaita Sahu, da ɗan Kantin Kwari, da manomin rani a Kadawa, babu wanda ya tare su a hanya ya ce su nuna kati. Su ne ke da zaɓi, kuma da su nake magana.

Hanya uku ce a gabansu. Ko su shiga shirin gwamnati, na tarayya ko na jiha irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Ko su sayi tsarin kamfani mai zaman kansa, wato waɗanda ake kira HMO. Ko kuma su haɗa asusun kansu a ƙungiyar sana'a ko ta unguwa su yi ciniki da asibiti kai tsaye. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: gwamnati ta kwaso ayyuka da yawa a harkar nan fiye da yadda za ta iya, ta kuma yi sakaci da 'yan kaɗan ɗin da ita kaɗai ce ke iya yin su. Amma ba kowa wannan ra'ayi zai kai ga ƙofa ɗaya ba.

Shirin gwamnati yana da abin da sauran ba su da shi. Ya fi araha, kuma taron da ke cikinsa babba ne, don haka kuɗin masu lafiya da yawa ke ɗaukar nauyin marasa lafiya kaɗan. Ba kasafai ake korar mutum don yana da hawan jini ko ciwon suga ba. A tsarin ma'aikatan tarayya, kati ɗaya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ake biya. Sai dai tun a nan za ka gane cewa wanda ya zana tsarin ba gidajenmu ya kalla ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga gyatuma a ɗakin tsakar gida, sai ya zauna ya zaɓi waɗanda za su shiga, sauran kuma ya biya musu daban.

Babbar matsalar tana cikin yadda ake biyan asibiti. Idan ka zaɓi asibitin da za ka riƙa zuwa, hukuma na ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata da sunanka, ko ka je ko ba ka je ba, kuma daga ciki zai yi maka maganin zazzaɓi, gudawa, ƙananan gwaje-gwaje da makamantansu. A tsarin tarayya an yanka wannan kuɗi naira 750 a 2012, haka ya tsaya cik sama da shekara goma. A cikin waɗannan shekaru aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa daga Najeriya bayan wata biyu, farashin magunguna irin su Augmentin da Ventolin ya tashi sama. Sai daga baya, a 2024 da 2025, aka ɗaga kuɗin har ya kusa ninkawa. To, a tsakanin nan me mai asibiti zai yi? Ba zai rufe ba, ba kuma zai yi ta cin asara ba. Abin da ya yi kowa ya gani da idonsa. Ka bi layi tun sassafe, ka ga likita, ya rubuta maka magani huɗu. Ka isa tagar masu inshora, mai ba da magani ya bi takardar da biro, ya miƙo maka farasitamol da maganin ƙarin jini, ya zagaye sauran biyun ya ce, “Baba, waɗannan babu, sai dai ka duba waje.” Wajen kuwa kemis ne da ke kallon ƙofar asibitin, kuma biyun da aka zagaye su ne masu tsadar. Ba muguntar mai tagar ba ce. Wani ne a ofis ya yanka farashi ya kama gabansa, kasuwa kuma ba ta jira shi ba.

Ga kuma yajin aiki. Shirye-shiryen jihohi galibi da asibitocin gwamnati suke ɗaure mutum. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun shafe wata biyu cur suna yaji, daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba. Ba a daina yankan kuɗin inshora a watannin nan ba, amma wanda ciwonsa ya yi tsanani asibitin kuɗi ya nufa, ya sake biya daga aljihu.

Abin da ya fi damuna shi ne gwamnati ke kiɗanta, ita ke rawarta. Ita ke karɓar kuɗin, ita ke da mafi yawan manyan asibitoci, ita ke yanka farashin da za a biya su, kuma in an cuce ka wurinta za ka kai ƙara. Rikicin da aka yi a NHIS ya isa misali. Farfesa Usman Yusuf, da aka naɗa shugaban hukumar a 2016, ya fito fili ya zargi kamfanonin HMO da danne kuɗin asibitoci, shi ma aka yi masa nasa zarge-zargen. Ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya dakatar da shi a 2017, fadar shugaban ƙasa ta mayar da shi a farkon 2018, majalisar gudanarwar hukumar ta sake dakatar da shi kafin shekarar ta ƙare, aka sallame shi a 2019. Ba nawa ba ne in ce wane ke da gaskiya. Abin lura shi ne an yi shekaru ana wannan tirka-tirka a kan kuɗin mutane, mai kati kuwa ba shi da ikon cewa a ba shi nasa ya kai wani wuri.

Kada a ce halin Najeriya ne kawai. A Nijar, zamanin Tandja Mamadou, tsakanin 2005 da 2006 aka mayar da tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Niyya ce mai kyau, iyaye mata sun yi ta kai yara, an kuma ceci rayuka. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya aika da lissafi Yamai, a biya shi daga baya. Biyan ya riƙa makara wata da watanni, wani wurin har shekaru, kantocin magani suka bushe, aka koma miƙa wa uwa takarda ta je ta sayo. A Gana, inshorar ƙasa da Shugaba John Kufuor ya kafa a 2003 tana da harajinta na musamman, kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye, kuma ta shiga jama'a fiye da tamu nesa ba kusa ba. Duk da haka an sha jin asibitoci, har da na mishan, suna barazanar daina karɓar kati saboda bashin da suke bin hukuma. Alkawarin kyauta ba ya yi wa ɗan siyasa wuya, biyan ne ke jiran baitulmali. A Abuja aka yi taron 2001 da shugabannin Afirka suka ɗauki alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa can ba. Manyanta kuwa sun san inda suke zuwa: Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009, Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan a tafiya ɗaya a 2017.

Kamfanin HMO shi ne hanya ta biyu, kuma dole a bambanta fuskokinsa biyu. Akwai inda yake dillali a cikin shirin gwamnati, kuɗi ya bi ta hannunsa zuwa asibiti; yawancin baƙin jinin da ya yi a nan ya samo shi. Akwai kuma tsarin da yake sayarwa na kansa, wanda kai ne ka biya shi kai tsaye. A wannan na biyun, in magani ya yi tsada kamfani da asibiti sukan zauna su gyara farashi ba tare da jiran wata sanarwa daga Abuja ba, shi ya sa ba a cika zagaye maka rabin takarda ba. Akwai hawa-hawa, ka zaɓi daidai ƙarfinka. Yajin aikin ma'aikatan gwamnati bai shafe ka ba. Mafi muhimmanci, in shekara ta zagayo ba ka ji daɗi ba, sai ka ɗauke kuɗinka ka koma wani kamfanin, kuma sun san da haka.

Amma kada a ruɗe ka da takarda mai ƙyalli. Ribar kamfani tana cikin rashin zuwanka asibiti. Saboda haka tsarin da mutum ɗaya ke saya wa kansa yakan zo da sharuɗɗa a ƙananan haruffa: haihuwa sai ka yi watanni a ciki kafin a ɗauka, ciwon da ka shigo da shi ko dai a cire shi ko a sa masa wa'adi, tsoho a ƙi shi ko a tsawwala masa, kuma kowane aiki yana da iyakar kuɗin da in an kai, sauran naka ne. Sannan ga jiran lambar izini: likita ya ce a yi hoto, mai karɓar kati ta buga waya ofishin kamfani, ku zauna a benci ana jiran amsa, mara lafiya na murƙususu. Yawancin asibitocin da ke cikin jerinsu kuma a Legas da Abuja da manyan birane suke. Ga mutumin Gumel ko Illela, kati mai asibitoci ɗari da babu ko ɗaya a kusa da shi bai fi takardar tsire ba. Masu ƙyamar inshora saboda addini su ma suna da hujjar da ba a raina ta. Akwai kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, da aka gina a kan taimakon juna da raba rarar da ta saura, sai mutum ya tambaya ko suna da abin da ya dace da bukatarsa.

Hanya ta uku ita ce aka fi rainawa, ni kuwa ita na fi ganin ƙimarta ga mai sana'ar hannu. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da kotu ba, ba za su kasa riƙe asusun magani ba. A ƙaddara ƙungiyar teloli ce mai mutum 200, kowa na zuba naira 2,000 a wata. Naira 400,000 ke nan duk wata, miliyan 4.8 a shekara. Shugabanni su tafi wurin wani asibitin kuɗi na unguwa da aka yarda da shi su ce: ga mutanenmu da iyalansu, nawa za ka yi mana ganin likita, gwajin zazzaɓi, ƙarin ruwa, awo da haihuwa, mu kuma mu biya ka duk ƙarshen wata ba fashi? Mai asibitin da ya saba bin bashin hukuma zai yi ragi mai yawa don kuɗin da ya tabbata. In ya fara wasa, ƙungiya ta kwashe mutanenta ta tsallaka titi. Babu dillali, babu lambar izini. Maguɗi ma yana da wuya, don ma'aji ya san wanda matarsa ke da ciki da wanda ya aro ɗan maƙwabci. Ba sabon tunani ba ne: yarjejeniyar Bamako ta 1987 a kan haka aka gina ta, jama'ar gari su riƙe asusun magani da kansu, a sayar da sauƙi, a sake sayowa da kuɗin.

Kuma rashin gwamnati a wuri ba ya nufin sai ɗan kasuwa mai neman riba. Asibitin ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943. Asibitin Galmi, a kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, tun 1950 yake karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya. Asibitin ido na Makka a Kano gidauniya ce ke tafiyar da shi. A Indiya, asibitin ido na Aravind da aka kafa a Madurai a 1976 da kuɗin masu iya biya yake yi wa marasa hali aiki kyauta ko da rangwame. Da attajiranmu za su karkatar da wani kaso na zakka da waƙafi zuwa irin wannan, maimakon rabon atamfa da shinkafa sau ɗaya a shekara, da an ga bambanci.

Raunin asusun ƙungiya ɗaya ne, amma babba. A ce mutum ɗaya cikin telolin nan ƙodarsa ta tsaya, a ƙaddara wanki ɗaya naira 50,000 ne, sau biyu a mako. Miliyan 5.2 ke nan a shekara, ya haɗiye asusun duka har da bashi. Haka cutar daji, haka mummunan haɗarin mota. Ƙaramin taro ba ya ɗaukar babban ciwo. Sannan wanda bai da abin zubi ba ya cikin lissafi tun farko. Shirin inshorar karkara da aka fara a Shonga ta jihar Kwara a 2007 ya samu karɓuwa, amma abin da manomi ke biya ɗan kaɗan ne, mafi yawan kuɗin tallafi ne daga Holan da gwamnatin jiha. Da tallafin ya ja baya, shirin bai iya tsayuwa da ƙafarsa ba. Ga kuma jarrabawar ma'aji. Kuɗin da ke kwana a aljihun mutum ɗaya, ko da limami ne, ranar nadama na tafe. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, a kuma rubuta iyakar abin da za a kashe wa mutum ɗaya tun kafin a san wa zai kwanta.

A nan ne masu cewa gwamnati ta fita gaba ɗaya suke wuce gona da iri, kuma Kano ta fi kowa sanin dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a wannan gari, aka yi shekaru ana shari'a. A 2008 maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan. Mai saye ba shi da hanyar gane jabu da ido. Wannan aikin hukuma ne, kuma zamanin Dora Akunyili a NAFDAC ya nuna ana iyawa in an so. Rigakafi ma haka: babu kamfanin da zai bi gida-gida yana ɗiga maganin shan inna don riba, kuma mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano a 2023 ya nuna abin da ke biyo bayan sakaci da allura. Sai biyan kuɗin wanda ba shi da ko sisi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Waɗannan uku, tsaron magani da rigakafi da ɗaukar nauyin talaka, su ne gwamnati ta fi cancanta da su, su ne kuma take yi rabi-rabi saboda ta tafi gina asibitocin da za a yanke ƙyalle a bar su ba likita.

Ƙasar Singafo ta jera tsarinta mataki uku. A 1984 ta kafa Medisave, wani kaso na albashin mutum ya shiga asusun da ke ɗauke da sunansa don jinya. A 1990 ta ƙara MediShield don manyan cututtuka. A 1993 ta kafa Medifund don wanda duka biyun suka gaza masa. Kason arzikin ƙasa da take kashewa a lafiya bai kai rabin na Amurka ba, mutanenta kuma sun fi Amurkawa tsawon rai. Ba za a kwafo ta kai tsaye ba, don can kusan kowa na da albashi, kuma manyan asibitocin na gwamnati ne. Jerin dai shi ne abin ɗauka: ƙaramin ciwo daga ajiyarka, babba daga babban taro, gwamnati a ƙarshe ga wanda ya rasa.

In aka auna da wannan, amsar ta danganta da gidan da ake magana a kai. Mai gidan da ke da mai ciwon suga, hawan jini ko sikila, ko tsoho a hannunsa, ya yanki katin gwamnati ko da yana guna-guni, domin kamfani zai juya masa baya ko ya tsuga masa kuɗi. Amma ya zaɓi asibitinsa da kyau, ya kuma ware kuɗin maganin da za a ce babu. Mai shago ko makaranta da ke da ma'aikata goma sha ko fiye a babban birni, tsarin kamfani na rukuni ya fi masa, don sharuɗɗan da ake gindaya wa mutum ɗaya sukan yi sauƙi in taro ne. Masu sana'a ɗaya da suka san juna, kuma akwai asibitin kirki kusa da su, su fara da asusun kansu don ciwon yau da kullum, sannan su sayi kati a ƙungiyance don tiyata da kwanciya. Hukumar NHIA tana da shirin GIFSHIP da ke karɓar rukuni, jihohi ma suna da nasu, kamfanoni kuma za su yi tayi in sun ga mutum 200 a tare. Sai a sa su gasa.

Kafin ka biya kowa, ka je asibitin da kake nufin zuwa ɗin, ba ofishin mai sayar da kati ba. Ka samu mai karɓar kuɗi ko mai ba da magani lokacin da layi ya ragu, ka tambaye shi katin wa suke karɓa ba tare da ɓata rai ba, wa ke biyansu a kan lokaci, wa kuma suke bi bashin wata shida. Ka nemi a nuna maka jerin magungunan da katin ya ɗauka, ka duba ko wanda kake sha kullum yana ciki, sannan ka tambaya ko akwai shi a kanta yau.